Robar da na'ura ke gani da robar da ke kashe ƙwayoyin cuta: aikinsu da iyakarsu a masana'antar abinci

A watan Fabrairun 2016 kamfanin Mars ya janye cakulan ɗinsa daga kasuwannin ƙasashe 55. Musabbabin abin kuwa ɗan guntun jar roba ne da wani mai saye a Jamus ya tsinta a cikin Snickers. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga masana'antar kamfanin da ke garin Veghel na ƙasar Holan ya fito. Guntu ɗaya aka gani, amma tunda babu mai iya rantsuwa cewa shi kaɗai ya ɓalle, dole aka kwaso Mars da Snickers da Milky Way daga kantuna. A Janairun 2019 kuma kamfanin Tyson na Amurka ya janye sarrafaffen naman kaza mai nauyin fam 36,420, kimanin tan 16 da rabi ke nan, bayan masu saye sun kawo ƙorafin tsintar 'yan guntayen shuɗiyar roba mai laushi a ciki.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Irin waɗannan asarori ne suka sa manyan kantunan Turai da Amurka suke matsa wa masana'antun da ke kawo musu kaya lamba a kan kowace roba da ke kusa da abinci. Shi ya sa yau mai sarrafa abinci da ke neman takardar shaidar fitar da kaya waje zai yi ta cin karo da kalamai biyu a takardun dillalai: roba "mai ganuwa ga na'ura" da roba "mai kashe ƙwayoyin cuta". A shafi ɗaya ake tallarsu, wani lokaci ma a jikin kaya ɗaya, har mutum ya ɗauka duk tafiyar guda ce.

Matsala biyu, magani biyu

Masu kula da lafiyar abinci sun kasa haɗari gida uku: abin da ya faɗa cikin abinci daga waje kamar ƙarfe ko gilashi ko tsakuwa, sai ƙwayoyin cuta, sai sinadarai. Roba mai ganuwa ta gida na farko ce. Roba ce da aka cakuɗa da wani gari tun a wajen narka ta, domin idan ta karye ta faɗa cikin abinci na'urar gano ƙarfe ko na'urar eksire ta gan ta, a fitar da ƙunshin kafin ya bar masana'anta. Ba ta hana karyewa, kuma babu ruwanta da ƙwayoyin cuta.

Roba mai kashe ƙwayoyin cuta kuwa ta gida na biyu ce. Ita kuma an cakuɗa ta ne da sinadarin da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta a fatar robar, yawanci azurfa. Idan ta karye na'ura ba za ta gan ta ba, sai in an haɗa mata da wancan garin na farko. Dukkansu biyun kuma suna taɓa gida na uku, domin duk abin da aka zuba wa roba yana iya tsatsowa ya shiga abinci.

Yadda roba ta shige wa na'ura duhu

A da can ƙarfe ne ya mamaye layin sarrafa abinci, saboda haka na'urar gano ƙarfe ta wadatar. A hankali roba ta karɓe wurare da yawa, don ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma ba ta bukatar giris a inda giris zai iya ɗiga cikin abinci. Bel ɗin da ke ɗaukar kaya, haƙoran da ke juya shi, wuƙar kankare kwaɓi, gaskit na bakin bututu, zoben roba na famfo, ludayi, shebur, buroshi, duk sun koma roba. Nau'o'in da aka fi gani su ne UHMW-PE da POM da nailan, sai PEEK a inda ake da zafi sosai.

Kan na'urar gano ƙarfe akwati ne mai rami a tsakiya, bel yana ratsa shi. A cikinsa akwai naɗin waya guda uku. Na tsakiya yana fitar da filin maganaɗisu mai kaɗawa, biyun gefe suna karɓa, an kuma daidaita su yadda abin da ɗaya ya karɓa yake soke na ɗayan. Duk abin da maganaɗisu ke ja, ko wanda lantarki ke bi ta cikinsa, yana ratsawa sai ma'aunin ya karkata, na'ura ta yi ƙara ta ture ƙunshin gefe. Roba zalla ba ta da ko ɗaya daga cikin halayen nan biyu. Wucewa take yi salin-alin.

Eksire kuma, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, bambancin nauyi yake gani. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, baƙin ƙarfe yana wajen 7.8, gilashi 2.5. UHMW-PE kuwa 0.93 ne, nailan 1.14, POM 1.41. Mafi yawan abinci ma a nan kusa da ruwa yake. Guntun roba a cikin nama ko kwaɓin biskit kamar farin zare ne a cikin auduga.

Girman guntu yana da muhimmanci a doka. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ɗaukar abincin da aka shirya don ci a matsayin gurɓatacce idan aka sami abu mai tauri ko kaifi a ciki da tsawonsa ya kama daga milimita 7 zuwa 25. Abin da bai kai milimita 7 ba ba kasafai yake jawo rauni ba, sai ga jarirai da tsofaffi da waɗanda aka yi wa tiyata, kuma a abincin waɗannan ana ƙidaya shi.

Abin da ake zuba wa robar

Don na'urar gano ƙarfe, garin da maganaɗisu ke ja ake zubawa: baƙin garin ƙarfe da ake kira magnetayit, ko garin wani nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa amma maganaɗisu na kama shi. Don eksire kuwa bariyam salfet aka fi amfani da shi, farin gari mai nauyin 4.5, shi ne dai wanda ake bai wa majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa. Akwai robar da ake haɗa mata duka biyun. Wadda aka yi don na'ura ɗaya ba lalle ba ne ɗayar ta gan ta da kyau, kuma nan ne masu saye suka fi yin kuskure: a sayo kayan eksire alhali na'urar gano ƙarfe ce a layin.

Sai launi. Kusan duk irin wannan roba shuɗiya ce, saboda da wuya a sami abinci mai wannan launi, ido ko kyamarar tantance launi za su hango ta da sauri. Amma labarin Tyson ya nuna iyakar launi: shuɗin ya yi aikinsa, sai dai a faranti ya yi shi, bayan kaya sun bar masana'anta. Kuma ba duk shuɗiyar roba ce mai ganuwa ga na'ura ba. Baho ko bokitin da aka sayo a kasuwa shuɗi ne kawai.

Garin nan ba kyauta yake zuwa ba. Roba tana samun ƙarfinta ne daga dogayen zaruruwan da suka sarƙe da juna, garin ƙarfe kuma yana shiga tsakaninsu. Idan aka yawaita shi na'ura za ta fi gani, amma robar za ta fi saurin tsagewa da cinyewa. Idan aka rage, robar ta yi ƙarko, na'ura ta makance. Kowane mai ƙira yana neman tsakiya ne, kuma tsakiyar wani ba ta wani ba ce. A arhan kaya ma garin ba ya gaurayuwa daidai, wani sashe ya sami da yawa, wani ya tashi fayau. Ga misalin biro: akwai wanda ƙarfe ne kawai a maƙalinsa ko a bakinsa. Idan aka jefa shi ɗungurungum a na'ura za ta yi ƙara, mai duba ya gamsu. Amma biro ba ɗungurungum yake faɗawa cikin kwaɓi ba. Ma'aikaci ne yake tauna gindinsa, ɗan ɓallin ya faɗa. Wannan ɓallin ne ya kamata a gwada.

Girman guntu da irin abincin

A busasshen abinci irin su gari ko biskit, na'ura mai kyau tana iya kama ƙwallon baƙin ƙarfe na milimita 1 zuwa 1.5. Ƙarfen silba, wanda ba ya tsatsa, sai ya fi haka girma kafin ta ji shi. Roba mai ganuwa kuwa mafi yawanta roba ce, ƙarfen ɗan kaɗan ne a warwatse, don haka guntunta sai ya ninka wancan. Wasu masu ƙera ta da kansu guntu mai milimita 3 ta kowane gefe suke ambata a matsayin mafi ƙanƙanta, shi ma a yanayi mai kyau.

Yanayin kuwa ba kullum yake da kyau ba. Jiƙaƙƙen abinci mai gishiri shi ma lantarki yana bi ta cikinsa, don haka ɗanyen nama, cuku, miya ko burodin da ya fito daga tanda da zafinsa suna karkatar da ma'aunin na'ura da kansu. Dole injiniya ya saita ta yadda za ta kau da kai daga siginar abincin, kuma a cikin wannan kau da kan ne ƙaramin guntu yake ɓuya. Naman da ya daskare sarai ba ya damun na'ura kamar wanda ya fara narkewa, shi ya sa saitin da ya yi daidai da asuba yake iya lalacewa da azahar. Girman ramin ma yana da tasiri. Ƙarfin na'ura ya fi rauni a tsakiyar rami, kuma ramin da aka yi don buhu mai kilo 25 ba zai ji abin da ramin ƙaramin fakiti zai ji ba. Idan an naɗe abincin da leda mai alminiyam, yawanci sai a duba shi kafin a ƙunshe, ko a koma ga eksire.

Siraran abubuwa su ne suka fi wuya. Silin buroshi, yagin safar hannu, zaren hular gashi, duk garin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Sili ɗaya yana iya wucewa idan ya kwanta ta wata fuska, a kama shi idan ya kwanta ta wata. A nan masu ƙera kayan shara sun rabu. Wasu suna sayar da buroshi mai sili mai ganuwa. Wasu kuma suna cewa garin yana raunana silin har ya fi saurin zubewa, gara a inganta yadda ake dasa silin a jikin buroshi, a riƙa dubawa ana canzawa.

Akwai kuma wurin da wannan roba take zama matsala. Bel ɗin da ke ratsa kan na'urar, da duk abin da ke daf da bakin ramin, tilas su zama roba zalla. In ba haka ba na'ura za ta yi ta ƙarar ƙarya tana ture lafiyayyen kaya, ma'aikata su gaji su rage mata ƙarfi, a koma gidan jiya.

Saboda haka takardar dillali ba ta isa hujja ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Hanyar gwaji ita ce a sadaukar da kaya ɗaya daga cikin waɗanda aka sayo, a yanka guntaye daga sassa daban-daban na jikinsa, masu milimita 2, 3, 4, 5 da 6. A cusa kowanne cikin ainihin abincin, da zafinsa ko sanyinsa na lokacin aiki, a ƙunshe shi yadda ake ƙunshewa, a yi wa ƙunshin alama. A tura shi ta tsakiyar rami da gudun da bel yake yi a ranar aiki, sau goma ko fiye, ana sauya wurin guntun: gaban ƙunshi, tsakiya, baya. Ƙara kaɗai ba ta wadatar ba, sai an ga hannun turewa ya jefa ƙunshin cikin akwatin da ke kulle. Mafi ƙanƙantar guntun da aka kama a kowane zagaye ba tare da kuskure ba, shi ne gaskiyar abin da layin yake iya gani, kuma shi za a rubuta. Idan aka sauya abinci ko dillali, a sake daga farko.

Abin da ƙa'idoji suka nema

Tushen duka shi ne tsarin HACCP, wanda ya faro a shekarun 1960 lokacin da kamfanin Pillsbury da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suke neman abincin da ba zai cutar da 'yan sama jannati ba. Tsarin yana bukatar a bi layi mataki-mataki a gano inda haɗari zai shigo, a sa masa shinge. Ƙa'idar BRCGS ta lafiyar abinci, wadda ƙungiyar 'yan kasuwar Birtaniya ta fara fitarwa a 1998, bugu na 9 kuma ya fito a Agustan 2022, ta fi kowa shiga daki-daki. Ta ce duk rauni a fata a rufe shi da filasta mai launin da ya bambanta da abincin, an fi son shuɗi, mai ɗauke da abin da na'ura za ta ji, kuma a gwada samfuri daga kowane rukunin filastar da aka sayo. Ta nemi a kula da biro da makamantansa a inda abinci yake a buɗe. Ta nemi a ajiye rajistar gilashi da roba mai saurin fashewa, ana duba lafiyarsu a kan lokaci. Idan kuma na'ura ta faɗi gwajin da ake mata a cikin aiki, a tsare duk kayan da suka wuce tun daga gwajin ƙarshe da ta ci, a sake tura su.

Babu inda ƙa'idar ta ce a mayar da kowace roba a masana'anta mai ganuwa. Nazarin haɗari ne yake nuna inda ake bukata. Babu kuma inda ta wajabta roba mai kashe ƙwayoyin cuta.

Azurfa a cikin roba

Abin da ya sa ake sha'awar roba mai kashe ƙwayoyin cuta ba ƙarami ba ne. A rahotonta na 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 suna mutuwa, 137,000 daga cikinsu a yankin Afirka. Tsakanin 2017 da 2018 ƙwayar Listeriya ta kama mutum 1,060 a Afirka ta Kudu, 216 suka rasu, aka gano tushenta a wata masana'antar sarrafa nama da ke Polokwane. Listeriya tana hayayyafa har a cikin firji. Tana kuma manne wa kayan aiki ta lulluɓe kanta da wani yauƙi, kamar gansakukar gindin randa, wanda ruwan wanki ba ya ratsawa sai an dirje.

Yadda robar take aiki shi ne: ana ɗaure azurfa a cikin wani gari mai ƙananan ramuka, kamar ziyolayit ko garin gilashi na musamman, a zuba kaɗan a cikin roba. Idan danshi ya taɓa fatar robar, sai ƙwayoyin azurfa masu cajin lantarki su fito a hankali. Suna maƙale wa sunadaran ƙwayar cuta, su hana ta numfashi da rabuwa. Ana kuma amfani da sinadaran tutiya da na jan ƙarfe.

Adadin da ake rubutawa a talla, kashi 99 ko 99.9 cikin ɗari, yawanci daga gwajin ISO 22196 yake fitowa, wanda aka gina a kan ƙa'idar Japan ta JIS Z 2801. Ana ɗaukar tsabtataccen yankin roba mai santimita 5 ta kowane gefe, a ɗiga masa ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, a rufe da siririyar leda don kada ya bushe, a ajiye awa 24 a zafin digiri 35 da danshin da bai gaza kashi 90 ba. Sannan a ƙirga waɗanda suka rayu a kwatanta da robar da ba a sa wa komai ba.

Kowane sharaɗi a nan yana taimakon azurfa. Ɗakin yankan nama kuwa sanyi ne da shi, kuma azurfa tana rage kuzari a sanyi. A ɗakin gari babu danshin da zai fito da ita. Gishiri yana kama ta ya mayar da ita wani abu da ba ya narkewa sosai, sunadaran jini da nama da madara kuma suna shanye ta kafin ta kai ga ƙwayar cuta. Idan maiƙo ya rufe fatar robar, an raba su ke nan. Ga kuma lokaci: yankan nama yana taɓa bel na daƙiƙoƙi ne, ba awa 24 ba. Lissafin ma yana da ruɗi, domin kashi 99 na miliyan ɗaya idan suka mutu, 10,000 sun rage.

Annobar Listeriya ta kamfanin Maple Leaf a Kanada a 2008, wadda ta kashe fiye da mutum 20, ta nuna inda ƙwayar take ɓuya. Can cikin injinan yanka nama aka same ta, inda ragowar nama ta taru, wurin da wankin yau da kullum ba ya kaiwa sai an kwance injin. A irin wannan lungu dauɗa ce a kan roba, ƙwayar cuta kuma a kan dauɗa.

Inda hukumomi da masana suka tsaya

A Amurka, kayan da aka sa wa irin wannan sinadari ba sa bukatar rajista da hukumar kare muhalli ta EPA muddin abin da aka yi iƙirari shi ne sinadarin yana kare kayan ne daga wari, tabo ko lalacewa. Da zarar an ce yana kare lafiyar mutum ko yana kashe ƙwayar da ke gurɓata abinci, sai an yi rajista an kawo hujja. Wanda ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan talla zai ga yawancinsu a iƙirarin farko suka tsaya.

A Tarayyar Turai, doka mai lamba 10/2011 ta ce jimillar abin da zai tsatso daga roba zuwa abinci kada ya wuce miligiram 10 a kowane fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi. Wannan ya shafi roba mai ganuwa ma. Game da azurfa, hukumar EFSA mai kula da lafiyar abinci a Tarayyar ta sa iyakar miligiram 0.05 a kilo ɗaya na abinci. Mai ƙira yana tsaka mai wuya: sai azurfa ta fito take aiki, idan kuma ta fito da yawa ta haura iyaka. A 2019 Tarayyar ta ƙi amincewa da wasu sinadaran azurfa uku a wasu rukunan kaya saboda ba a nuna suna aiki a yanayin da ake amfani da kayan ba, a 2021 kuma kwamitin ƙwararru na hukumar ECHA mai kula da sinadarai a Tarayyar ya ba da shawarar kada a amince da guda huɗu a ɓangaren abinci.

Masu goyon bayan robar suna da hujjarsu. Sun ce ba su taɓa cewa a daina wanki ba. Tsakanin wanki da wanki akwai awoyi, kuma a wuraren da ke jiƙe kullum, kamar magudanar ruwa, labulen roba na ɗakin sanyi da tiren da ke tare raɓar na'urar sanyaya ɗaki, duk abin da zai rage yawan ƙwayoyin riba ne. Yana kuma rage wari da baƙin tabon funfuna. Masu shakka kuma suna cewa hujjar da ake da ita ta ɗakin gwaji ce, kuma babban haɗarin shi ne sakaci: ma'aikacin da aka gaya wa allon yankansa yana kashe ƙwayoyin cuta zai sassauta dirza. Suna ƙarawa da batun juriya. Tun 1975 aka ba da rahoton samun ƙwayar Salmonela mai jure azurfa a sashen masu ƙuna na wani asibiti a Boston, kuma azurfa magani ce da likitoci suke bukata a kan ƙuna. Tarihin tirayikulosan, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana ba su ƙarfi: an daɗe ana zuba shi a sabulu da kayan roba, sai a 2016 FDA ta hana shi tare da wasu sinadarai 18 a sabulun wanka da wanke hannu, don masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa amfani. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne robar da ta tsage ko ta yi zane-zanen wuƙa canza ta ake yi, ko da me aka cakuɗa ta.

Abin da ya shafi masu sarrafawa da masu saye a nan

Waɗanda abin zai fara taɓawa su ne masu fitar da riɗi, zoɓo, citta da gyaɗa, da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa na Kano da ke neman shaidar BRCGS ko FSSC 22000 don samun masu saye a waje. Mai duba zai nemi rajistar roba da sakamakon gwajin na'ura, kuma kuɗin wannan a ƙarshe kan farashi yake komawa. Sai dai dattin da ya fi addabar waɗannan kaya daga gona da kasuwa yake zuwa: tsakuwa, ƙasa, yagin leda, da zaren buhu da ke warwarewa idan aka farke ɗinki da wuƙa. Zaren buhu roba ce zalla, babu na'urar gano ƙarfe da za ta ji shi. Maganinsa rariya, injin fitar da tsakuwa, iska mai sheƙewa, kyamarar launi, da koya wa masu farke buhu su zare ɗinkin gaba ɗaya su ajiye shi a kwando. Riɗin Nijeriya kuma yana cikin kayan da Tarayyar Turai take tsananta wa bincike a kan iyaka saboda Salmonela, wadda take shiga tun a wajen shanya, inda tsuntsaye da dabbobi suke kaiwa. Bel mai azurfa a ƙarshen layi bai kai can ba.

Ga ƙaramin mai sana'a, mai kilishi, ƙuli-ƙuli, yogot ko garin kunu, lissafin a bayyane yake. In babu na'urar gano ƙarfe a wurin, kuɗin da aka ƙara a kan roba mai ganuwa launi kawai ya saya. Abin da zai fi amfani shi ne sandar maganaɗisu a bakin injin niƙa, domin faifan injin yana cinyewa yana zubar da garin ƙarfe, a riƙa goge ta kullum ana duba abin da ta kama. Sai rariyar silba da ake duba ko ta huje, da kayan aiki masu launin da ya saɓa da abincin, da ƙirga su safe da yamma: ludayi shida aka fito da su, shida za a mayar, kowanne da bakinsa cikakke. Tsohuwar jarka ko duro da aka taɓa zuba sinadari a ciki ta fi duk waɗannan haɗari, ko da an wanke ta.

Mai saye da ya tsinci roba a cikin abincin kamfani ya ajiye guntun da ledar, domin lambar rukuni da ranar da ke jikinta su ne za su nuna layi da lokacin da aka yi kayan, sannan ya kai ƙara ga kamfanin da kuma NAFDAC. Allon yanka ko mazubin da aka rubuta masa yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa, wankinsa da sabulu da ruwan zafi yana nan yadda yake, haka ma raba allon ɗanyen nama da na kayan lambu.

Wanda zai sayi ɗaya daga cikin robobin nan don masana'anta, takardu uku yake nema a hannun dillali kafin ya biya. Ta farko shaidar cewa robar, tare da garin da ke cikinta, ta dace da taɓa abinci, da bayanin irin abincin da zafin da aka gwada ta a kai, domin wadda ta ci gwaji a busasshen gari tana iya faɗuwa a mai mai zafi. Ta biyu bayanin irin na'urar da ke ganin ta, tare da samfurin da za a yanka a gwada a layi. Ta uku, idan an ce tana kashe ƙwayoyin cuta, sunan sinadarin, lambar gwajin da aka yi, irin ƙwayar da aka gwada, da ko an maimaita gwajin bayan an wanke robar sau da yawa da kulorin ko soda irin wanda masana'antar take amfani da shi.